Rabin Hoton da Na Yanke

Setapak, Kuala Lumpur

Zuwa ga ƙanena Kamilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙa maka gaisuwa irin ta 'yan'uwa na jini, da fatan wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kake zaune a cikinsu a can Hungary. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Abban Amira yana gaishe ka. Amira ma tana gaishe da kawunta, duk da dai yanzu in ka yi mata Hausa da Malayanci za ta ba ka amsa.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙarka a shafina inda kowa zai karanta, maimakon in turo maka kai kaɗai. Na turo, Kamilu. Saƙonnina suna nan jere a wayarka, ba ka buɗe ko ɗaya ba, kuma ban ga laifinka ba. Sannan abin da na ɓata, a gaban jama'a na ɓata shi, ba zai gyaru a cikin ɗaki ba. Matan da suka saba leƙowa nan don ganin yadda nake tuƙa tuwo da shinkafar ƙasar nan, yau sai su yi haƙuri da ni. Zan faɗi wasu abubuwa da ka riga ka sani, don su ma su gane.

Kana da shekara huɗu Inna ta rasu, ni ina da sha huɗu. Ni na goya ka, ni na yi maka wanka, ni na riƙa tsefe maka kifi ina ajiye maka kan don shi ka fi so. Da ka yi ƙyanda, a cinyata ka kwana bakwai. Ban faɗi wannan don in yi maka gori ba, na faɗa ne don nan gaba a gane inda cutar take.

Ka tuna lambun Baba na bayan gari, can hanyar fita Zariya. Albasa, tumatir, da kurangar inabi guda shida da wani abokinsa ya ba shi. Kowace shekara sai ta yi 'ya'ya ƙanana masu tsami kamar tsamiya, kowace shekara kuma sai Baba ya ɗebo ya kawo gida ya tilasta mana ci yana cewa bana ya fi na bara zaƙi. Kai kaɗai kake ci ba ka yamutsa fuska. Da ka samu gurbin karatun aikin gona a Turai, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labari: Kamilu ya tafi karatun inabi. Har masu zuwa sayen albasa ba su tsira ba.

Shekarar da ta gabaci annobar nan, Abban Amira ya samu taron malaman jami'a a Budapest, na maƙale masa sai da ya tafi da ni. Ana gobe za mu tashi na kira Baba. Ya ce, “Zulai, ki je ki gano min yaron nan da idonki.” Shi kewar ɗansa yake nufi. Ni kuwa sai na ɗauka an naɗa ni alƙali.

Ranar Asabar ka zo ka ɗauke ni, muka hau jirgin ƙasa. Ka yi ƙiba, ka tara gemu, kana ta zuba kamar an kunna rediyo. A hanya ka gaya min gaskiya, ba ka ɓoye min komai ba. Ka ce ƙauyen da kake gwajin karatunka ƙauyen manoman inabi ne, yawancin abin da suke nomawa giya suke yi da shi, kuma ranar ta dace da bikin da suke yi duk shekara in sanyi ya janye itatuwa suka fara toho, su buɗe rumbunan giyarsu na ƙarƙashin ƙasa baƙi su zo ɗanɗano. Ka ce mu ba za mu sauka rumbu ko ɗaya ba, gona za mu hau. Ka ce in ban so, mu sauka a tasha ta gaba mu koma. Na ce mu je. Ni na ce mu je, Kamilu, a rubuta wannan.

Ban taɓa ganin gari irinsa ba. Layi guda ne dogo a gindin tudu, gefe da gefe ƙananan ɗakuna farare masu ƙofar katako, kowace ƙofa a buɗe, sanyi da wani wari mai tsami suna fitowa daga ciki. Masu goge suna kiɗa a ƙarƙashin wata bishiya da ta yi fure fari fat. Tsofaffi sun ci ado da riguna masu aikin hannu. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne kowa, babba da babba, yana rataye da kofin gilashi a wuya cikin wata 'yar jaka saƙaƙƙiya. Ka ce haka al'adar take: a bakin gari ake ba ka kofinka, shi ne shaidar shigarka, duk ƙofar da ka tsaya sai mai ita ya ɗan zuba maka. Na haɗe rai tamau, na gyara hijabina, ina bin mutane da kallon hadarin kaji.

A bakin garin ne wata gajeriyar tsohuwa mai farin gashi ta taho da sauri tana kiran sunanka, tana karya shi yadda harshenta ya iya. Ka ce ita ce Gwaggo Ilona, matar Kawu Feri mai gonar da kake aiki a ciki, a gidansu kake kwana duk lokacin da ka zo. Ta riga ta karɓo mana kofunanmu biyu. A ƙafar kowanne ta ɗaura koren zaren ulu, ta yi masa ƙulli biyu.

Ka fassara min abin da take faɗa. Tun farkon zuwanka ƙauyen ta bi layin nan ƙofa ƙofa, ta gaya wa kowane mai rumbu cewa duk kofin da ya ga koren zare a jikinsa, kada ya kuskura ya ɗiga masa giya, ko da wasa, ko da mai kofin bai ce komai ba. Ruwan inabi zalla za a zuba masa, wanda ake tafasawa tun kaka a rufe a kwalba don kada ya juya. Da ta ji yayarka za ta zo, sai ta sake bin layin jiya ta tuna musu, ta ce bana zaren biyu ne.

Na gani da idona. Wani ƙaton mutum mai jan fuska ya taho da tulu zai zuba maka, ya hango zaren, ya dafe ƙirji ya ja da baya yana ba da haƙuri, ya koma ciki ya fito da wata kwalba daban. Yara ƙanana na garin ma daga irin kwalbar ake zuba musu.

Muka hau tudun. Ni da na saba hawa lif, kafin mu kai rabi numfashina ya ƙare, kana gaba kana min dariya kana cewa Malesiya ta lalata ni. Kawu Feri yana can sama yana jiranmu, dogo, ramamme, hannuwansa duk kanta. Ya kai mu wani layi a ƙarshen gonar, ya nuna ka, ya nuna layin. Naka ne. Inabin ci ne, ba na giya ba, iri uku ka haɗa kana gwada wanda zai jure zafi. Ka durƙusa kana nuna min tohon, ɗan ganye bai kai farce ba, ka ce wannan na tsakiyar kake sa wa rai, in ya yi, shi za ka ɗaura a kan kurangar Baba, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure. Ka ce, “Yaya, so nake sau ɗaya Baba ya ce ya fi na bara zaƙi, kuma ya zama gaskiya.”

A nan Gwaggo Ilona ta buɗe kwalba ta cika mana kofuna. Ƙishi ya kama ni, na yi bismillah na shanye. Sanyi, zaƙi, ba ko ɗigon tsami. Na miƙa aka ƙara min. Kofi biyu na sha, Kamilu, daga kwalbar da ka sha. Sai Kawu Feri ya karɓi wayata ya ce mu tsaya. Ka ɗaga kofinka, na ɗaga nawa, bayanmu ga wasu tsofaffin gangunan katako a jingine da bukkar gona. Har dariya nake yi a hoton.

Da a ce mun sauka daga tudun nan mun wuce tasha, da yau ba na rubuta wannan wasiƙa.

Amma sai aka ce mu ci abinci. A tsakar gidansu aka shimfiɗa tebur, nesa da hayaniya. Gwaggo Ilona ta fito da tukunyar farfesun kifi, ja jawur da garin tattasai, ƙamshi ya cika wurin. Ka ce kifi ta yi don kada in yi tunanin yanka. Iska ta ɗan taso, ta dube ka, ta shiga ɗaki ta fito da wani mayafin wuya da ta saƙa, ta naɗa maka da hannunta tana yi maka faɗa, kana dariya kana ba ta amsa da yaren da ban ji ko kalma ɗaya. Sannan ta sa ludayi ta lalubo kan kifin, ta zuba a kwanonka ba tare da ta tambaye ka ba. Ka ɗago ka ce mata, “Mama.”

Wannan kalmar na ji ta sarai. Ni da na goya ka, ban taɓa wuce Yaya ba a bakinka, kuma ban taɓa damuwa ba sai ranar. Shekara biyu ina gaya wa kaina kishin addini ne ya kama ni a wurin. Ƙarya nake yi. Kishi ne tsagwaronsa, irin na macen da ta ga wata ta san ɗanta kamar yadda ta san shi.

Na ture kwanon gabana. Na ce maka da Hausa ni ba na cin abincin gidan da ake ajiye giya. Ka yi ƙasa da murya ka ce, “Yaya, sabuwar tukunya ce, don ke ta saya.” Ita ba ta ji Hausa, amma ta ga kwanon. Ta tashi, ta kama tukunyar da tsumma, ta juyo min gefenta don in ga takardar kanti da ke manne har yanzu, ta fara baƙi saboda wuta. Tana nuna min tana murmushi. Na kawar da kai na ce ka tambaya min ƙarfe nawa jirgi zai tashi.

Kai ma ba ka ci ba. Kan kifin nan haka aka mayar da shi.

Duk da haka, da za mu tafi, Kawu Feri ya biyo mu har ƙofa da wani abu a naɗe cikin jarida. Almakashinsa ne na askin inabi, mariƙinsa ya sha hannu har ya yi santsi. Ka ce ya ce in kai wa Baba, daga manomi zuwa manomi, ya fara aski da shi kafin ka dawo. Na karɓa na jefa a jaka, ko na gode ban ce ba.

Kwana huɗu da dawowata Setapak, da hantsi, na kai Amira makaranta na dawo, na zauna a falo ina duba hotuna. Na tsaya a kan namu. Na sa yatsa biyu na ja gefen hoton a hankali, har kafaɗata ta fita, hijabina ya fita, kofina ya fita. Saura kai kaɗai, baki buɗe kana dariya, kofi a sama, ganguna a bayanka. Na tura wa babban yayanmu, Yaya Sanusi, na rubuta a ƙasa: ga Kamilunku nan. Ban ƙara komai ba. Kafin la'asar ta can gida hoton ya shiga guruf ɗin dangi, daga nan kuma ban san inda bai je ba.

Koren zaren yana nan a hoton, kowa ya gan shi. Amma ban da kai, duk danginmu mutum ɗaya ce ta san ma'anarsa, kuma ta ja bakinta ta tsuke.

Na ji Baba ya kira ka sau ɗaya. Ka rantse masa, ka ce ya tambayi Yaya Zulai, tana wurin. Ya kuwa tambaye ni. Ya ce, “Zulai, kina wurin. Mene ne a cikin kofin nan?” Na ce, Baba, garin dai garin giya ne, bikin kuma bikin giya ne. Ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta ba. Ya ce to, shi ke nan. Daga baya Yaya Sanusi ya ce min da ya ajiye wayar cewa ya yi, “Zulai ba ta taɓa yi min ƙarya ba.” Ranar ya ce kada a ƙara haɗa shi da kai.

Ka turo min saƙo, gajere. Ka ce, “Yaya, ke ma kin sha. Ki faɗa masa.” Ni kuwa, don ƙarfin hali, sai na mayar maka da muryar wa'azi ta minti goma a kan zama inda ake saɓon Allah. Har yau in na tuna muryata a cikin saƙon nan, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in faɗi wannan don masu shirin cika min shafi da fatawa. Mai yiwuwa bai kamata mu je garin ba a ranar bikinsu, malamai sun fi ni sani. Amma in laifi ne, mu biyu muka yi shi, kuma ni ce babba, ni aka ba zaɓi a jirgi. Abin da aka jingina maka kuwa, na shan giya, ba ka yi ba. Ni na shafa maka kashin kaji, ina sane.

Na yi niyyar gyarawa, wallahi na yi. Kowace Juma'a ina kiran Baba, kowace Juma'a ina cewa yau zan faɗa. Sai ya fara sa min albarka, ya ce Allah ya ba ni masu yi min biyayya kamar yadda nake yi masa, sai bakina ya mutu. Ni ce fa Malama Zulai, wadda matan 'yan Najeriya na Setapak suke kawo wa 'ya'yansu karatun allo duk Asabar a falona. Ni ce wadda ba ta ƙarya. Na ga in na faɗa, wannan sunan ya tafi. Sai na zaɓi sunana na bar naka. Na ce in bari sai mun je hutu, in durƙusa a gabansa da almakashin a hannuna in yi bayani baki da baki. Har atamfar batik na saya a kasuwar Jalan Masjid India ta tsaraba. Mutane suna tafiya Kano daga nan kusan kowane wata, ko almakashin ban bayar an kai ba, don na san in ya gan shi zai tambayi wanda ya aiko.

Sai korona ta zo, aka rufe ƙasa, aka rufe sama. Daga tagar benenmu nake kallon jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, yana wucewa fayau ba kowa a ciki. Na ce to, in an buɗe.

Zazzaɓin kwana uku Baba ya yi, a watannin nan da tsofaffi suka yi ta faɗuwa a gida. A rana ta biyu Yaya Sanusi ya kara masa waya a kunne. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Na samu kamar minti biyu da shi, Kamilu. Ka san abin da na yi da su? Na tambaye shi ya jiki, na tambaye shi ko ya sha kunu, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ina ta neman ta inda zan fara, sai Yaya ya karɓi wayar ya ce ya gaji, in kira gobe. Washegari kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Kai kuma ka yi ta kira a kwanakin nan uku, ba adadi. Yaya Sanusi yana ganin sunanka yana kifa wayar, don umarnin Baba yana nan, ba wanda ya janye shi. Ni aka ba minti biyu na ɓarnatar. Kai ko sallama ba a bari ka yi masa ba. Bayan rasuwar ka rubuta a guruf, “Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri,” ka fita. Tun ranar ban ƙara jin ɗuriyarka ba sai abin da na tsinta a bakin mutane.

Farkon shekarar nan cutar ta shigo mana gida. Abban Amira ya fara, na bi, aka ɗaura mana abin hannu na shaidar killacewa aka ce kada mu leƙa ko baranda ta waje. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar China, Anti Lim. Shekara biyar muna maƙwabtaka, gaisuwar lif kawai ke haɗa mu, kuma na sha toshe hanci in na wuce ƙofarta tana girki. Rana ta biyu aka ƙwanƙwasa. Na buɗe ba kowa, sai leda a rataye a mariƙin ƙofa, abinci ne daga shagon mamak na ƙasan bene, wato na Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci. Bakin ledar a ɗinke yake da ƙusar takarda yadda mai shagon ya rufe shi, ga rasit a manne a waje inda zan ga sunan shagon. Daga can ƙofarta, ta cikin takunkumi, ta ɗaga murya: “Halal punya, jangan takut. Makan lah.” Wato halal ne, kada in ji tsoro, in ci.

Kwana goma tana yin haka, kullum ledar a rufe, kullum rasit a waje. Ranar da ta fara kawowa na zauna a ƙasan kicin da ledar a cinyata, ba na jin ƙamshi ba na jin ɗanɗano, ina ci ina kuka. Ba abin da nake gani sai Gwaggo Ilona riƙe da tukunya mai zafi tana juyo min takardar kanti.

Duk da haka ban yi magana ba. Ka ga irin taurin kan yayarka. Na ce ai wanda ya kamata ya ji ya riga ya tafi, tonawa ba ta da amfani.

Makon jiya Yaya Sanusi ya kira a kan maganar lambu. Ya ce in damina ta wuce zai sa a tumɓuke inabin nan a zuba albasa, don ya zama daji, ya haura katanga ya kama bishiyar mangwaro, kuma mai shi ba dawowa zai yi ba. Na ce me ya sa aka bar shi ya yi haka, ba a yi masa aski? Ya ce ai Baba ne ya hana. Tun bayan daminar shekarar da abin ya faru, ma'aikata suka zo da wuƙa, ya tare su. Ya ce, “Kada wanda ya taɓa su. Ku bar wa mai su, yana nan zuwa.”

A lokacin fa ba ya ɗaga wayarka, Kamilu. A lokacin ko sunanka ba a ambata a gabansa. Yana fushi da kai, kuma yana jiranka. Kalma ɗaya yake nema daga bakin wanda ya yarda da shi don ya samu hanyar saukowa, kuma kalmar tana bakina, kowace Juma'a.

A wayar na gaya wa Yaya Sanusi komai. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Zulai, ni kika sa na hana yaro magana da ubansa yana gargara.” Ya kashe wayar. Shi ma na cuce shi, kuma zan nemi yafiyarsa daban. Amma kafin ya kashe na roƙe shi abu ɗaya, jiya kuma matarsa ta turo min cewa ya amince: ba za a taɓa inabin ba bana.

Kamilu, ƙanena, ɗan Inna. Ban zo in ce ka yafe min yau ba. Ba ni da bakin da zan sa maka rana. Minti biyun nan ba zan iya dawo maka da su ba, ko zan shekara ina kuka. Abin da ya rage a hannuna shi ne sunanka, shi na zo mayarwa a inda na ɗauke shi. Duk wanda hoton nan ya taɓa shiga wayarsa, kawunai da gwaggonni, abokan karatunka, mutanen masallacin unguwarmu, su ji daga bakina: ƙanena bai sha giya ba. Ruwan inabi ne, na sha kofi biyu, shi ya sha ɗaya. Iyayen yaran da nake koya wa karatu su ma su karanta, in sun ga ban cancanta ba, ba zan yi musu gardama ba.

Na ji an ce bara da bana ba a yi bikin ba, ƙofofin nan duk a rufe. Ina fatan tsofaffin nan biyu cutar ba ta taɓa su ba. In suna nan, ina roƙonka alfarma ɗaya ko da ba za ka amsa min ba. Ka gaya wa Kawu Feri saƙonsa bai isa ba, kuma ba laifin hanya ba ne. Ka gaya wa Gwaggo Ilona na ga takardar da ke jikin tukunyar, na gan ta sarai tun ranar. Ka ce mata na gode da ta san kan kifi kake so. Ka ci gaba da kiranta Mama, ta ci sunan.

Almakashin yana nan a durowar gadona, cikin jaridarsa mai rubutun da ban iya karantawa. Ɗanshin garin nan ya sa ya fara tsatsa, na goge shi na shafa masa mai. Ba zan ba kowa ya kai gida ba. Baba ya ce a bar wa mai su, don haka ranar da aka buɗe hanya, ka faɗi inda zan aika maka shi, ko ta hannun wani ne in ba ka son jin muryata. Ka je ka sauko da inabin nan daga kan mangwaro. Ka ɗaura na tsakiyar nan da kake sa wa rai.

A ƙasan wannan wasiƙa na sa hoton, cikakkensa, yadda Kawu Feri ya ɗauka. Yanzu zan tura shi guruf ɗin dangi ma. A duba hagu. Mai hijabi ruwan toka, mai dariya har da haƙora, ni ce.

Ya Allah ka jiƙan Baba da Inna, ka haskaka kabarinsu, ka sanar da Baba abin da na kasa sanar da shi. Ya Allah ka wanke ƙanena a idon duk wanda na ɓata shi, ka sa albarka a hannunsa da abin da yake shukawa, ka saka wa waɗanda suka riƙe shi a lokacin da nasa suka sake shi. Ka ɗauke mana wannan annoba, ka buɗe hanyoyi. Ni kuma ka yafe min, ka sanyaya zuciyar wanda na zalunta a lokacin da ka ga dama. Amin.

Wassalam.

Yayarka,
mai riƙe da ɗaya kofin,
Zulai